Gargaɗin da Ba Shi da Rana

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da muke so mu baje a wannan fili, domin marubuta da manazarta su taya mu juya ta. Idan mutum ya tabbata wani bala'i yana nan tafe, ya san wurin da zai sauka, har ma ya san gwargwadon girmansa, amma bai san ranar zuwansa ba, wataƙila gobe, wataƙila sai zamanin tattaɓa-kunne, to wane haƙƙi ne ya rataya a wuyansa? Ya ja bakinsa ya yi shiru ne don kada ya tayar wa jama'a da hankali a banza, ko kuwa ya yi magana alhali ya san za a tambaye shi "yaushe?" ya rasa amsa? Su kuma waɗanda aka faɗa wa, shin gargaɗin da ba a yanka masa rana ba yana ɗora musu wani nauyi, ko suna da uzurin ci gaba da harkokinsu kamar ba su ji ba?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tambaya ta zaman hira ce kawai. Akwai wasu bayin Allah da suke kwana da ita suke tashi da ita, wato masana kimiyyar ƙasa da duwatsu, musamman masu nazarin yadda nahiyoyi suke darewa da yadda girgizar ƙasa take aukuwa. Da aikinsu za mu fara, domin ba za mu iya auna nauyin da ke kansu ba sai mun fahimci abin da suka sani da kuma inda saninsu ya tsaya.

Abin da Ya Faru a Afar

A arewa maso gabashin ƙasar Habasha akwai wani yanki da ake kira Afar. Ƙasa ce mai tsananin zafi, mai baƙaƙen duwatsu da filayen gishiri, har wasu sassanta sun yi ƙasa da matakin teku da fiye da mita 100. Mutanenta makiyaya ne masu raƙuma da awaki, kuma tun kaka da kakanni ayari yake zuwa ɗaukar gishiri a can, kamar dai yadda ayarin Buzaye yake zuwa Bilma.

Ɗalibanmu na ajin labarin ƙasa sun san cewa ɓawon duniyar nan da muke takawa ba dunƙulallen abu guda ba ne. Ya kasu kashi-kashi kamar faya-fayan da aka jera gefe da gefe, kowanne yana zamewa a hankali a bisa dutse mai zafi da taushi da ke ƙarƙashinsa. Wani wuri faifai biyu su yi karo, wani wuri su gogi juna, wani wuri kuma su ja da baya su rabu. To, a Afar rabuwa ake yi, kuma a nan ne tsaga uku manya-manya suka haɗu. Faifan ƙasar Larabawa ya fara ɓallewa daga Afirka kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, ruwan teku ya cike giɓin da ya bari, shi ne aka sami Bahar Maliya da Tekun Aden. Tsaga ta uku kuwa ta nausa kudu, ta ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya har Mozambik. Ita ce Babban Kwarin Gabashin Afirka, wanda wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Walter Gregory ya zaga a 1893, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1896. Saurin wannan rabuwa a Afar bai kai santimita 2 a shekara ba, wato farcen hannunmu ya fi shi saurin tsiro. Amma sannu ba ta hana zuwa.

A watan Satumba na 2005, na'urorin auna girgizar ƙasa na Jami'ar Adis Ababa, waɗanda masani Atalay Ayele yake lura da su, suka fara nuna motsi ba ƙaƙƙautawa daga wajen wani dutse mai aman wuta da ake kira Dabbahu. Daga 14 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba aka ƙirga girgiza 163 waɗanda ƙarfinsu ya haura maki 3.9. Ranar 26 ga Satumba ƙasa ta buɗe baki ta yi aman toka. Makiyayan yankin suka yi asarar dabbobi, da yawansu suka ƙaura. Da aka duba hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka kafin abin da bayansa, sai aka ga narkakken dutse ya kutso daga ƙarƙashin ƙasa ya cusa kansa tsakanin faya-fayan biyu, ya buɗa tsaga mai tsawon kilomita 60, faɗinta ya kai mita 8 a wasu wurare. Tafiyar da ta kamata ta ɗauki ɗaruruwan shekaru, ga ta an yi ta cikin 'yan makonni.

Daga cikin waɗanda suka yi ɗamarar nazarin wannan al'amari akwai wata masaniya Ba'amurkiya, Cynthia Ebinger, wadda tun cikin shekarun 1980 take bin diddigin wannan kwari, a lokacin kuma tana koyarwa a Ingila. Ita da abokan aikinta na Habasha da Ingila suka shiga wannan daji mai ƙuna a watan Oktoba na shekarar, suka binne na'urori a wurare daban-daban domin sauraron cikin ƙasa. A 2006 suka fitar da rahoton farko a mujallar kimiyya ta Nature, Tim Wright yana kan gaba a jerin marubutan. Daga nan zuwa 2010 narkakken dutsen ya sake kutsowa a wannan tsaga fiye da sau goma. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, nahiya ba ta darewa kaɗan-kaɗan kullum yadda za a gani da ido. Takan yi tsit shekara da shekaru tana tara ƙarfi, sannan ta saki gaba ɗaya. Kuma irin abin da yake faruwa a ƙarƙashin teku ne, inda ba mai iya zuwa kallo, aka gan shi a sarari a kan tudu. Idan tafiyar ta ɗore, nan da miliyoyin shekaru ruwan teku zai malale Afar.

Inda Sani Ya Tsaya

Wannan tara ƙarfi a ɓoye shi ne asalin girgizar ƙasa a ko'ina. Bayan girgizar da ta rusa birnin San Faransisko na Amurka a 1906, wani masani mai suna Harry Fielding Reid ya yi bayanin abin kamar haka: gefe biyu na tsaga suna son zamewa, amma sun ciji juna, sai dutsen ya yi ta lanƙwasa a hankali har ranar da cizon ya kasa riƙewa, ya fizge. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa busasshen kara a gwiwarsa ya san wannan. Ya san karan zai karye, ya san wajen da zai karye, amma ba zai iya faɗin ƙiftawar idon da zai ji "ƙas" ba. Haka ma igiyar guga da ta fara sili-sili: duk matan gidan sun san wata rana za ta tsinke ta bar guga a rijiya, amma ba wadda za ta rantse cewa ranar Talata ce.

Masana sun yi iya ƙoƙarinsu su kamo wannan rana, ta gagara. A ƙasar Sin, ranar 4 ga Fabrairu 1975, hukumomin garin Haicheng suka ga ƙananan girgiza sun yawaita, suka fitar da mutane daga gidaje, da dare kuwa babbar ta zo, aka tsirar da rayuka masu ɗimbin yawa. Duniya ta ɗauka an gano bakin zaren. Sai ga shi ranar 28 ga Yuli 1976 girgiza ta afka wa birnin Tangshan na wannan ƙasa ba tare da an yi shelar komai ba, ta kashe mutum kimanin 242,000 a ƙididdigar gwamnati. A Amurka kuma akwai wani ƙauye, Parkfield, inda girgiza mai maki 6 ta saba dawowa kusan duk bayan shekara 22. A 1985 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ce kusan tabbas ne ta gaba za ta zo kafin 1993, aka cika wurin da na'urori ana jira. Ba ta zo ba sai 28 ga Satumba 2004. Wurin ya yi daidai, girman ya yi daidai, ranar ce ta saɓa da fiye da shekara goma.

Ashe ke nan masanin tsagar ƙasa yana riƙe da amsa uku daga cikin huɗu. Ya san ina, ya san yaya, ya san kamar nawa. Yaushe ce kawai ba ta hannunsa, ita ce kuma wadda jama'a suka fi ƙwaɗayin ji.

Shari'ar Lakwila

Babu inda wannan matsala ta fito fili kamar wani gari na tsakiyar ƙasar Italiya mai suna L'Aquila, wanda ake furtawa Lakwila. Shi ma yana zaune ne a kan duwatsun da ake ja ta gefe biyu suna tsagewa. Tun ƙarshen 2008 ƙananan girgiza suka dami garin, wata bayan wata. Ana cikin haka sai wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya fito yana cewa shi yana iya gane ranar babbar girgiza ta hanyar auna wata iska da ke fitowa daga ƙasa. Hankalin mutane ya tashi. Ranar 31 ga Maris 2009 hukuma ta tara kwamitin masana a garin. A cikin zauren taro, abin da masanan suka faɗa shi ne da wuya babbar girgiza ta zo nan kusa, amma ba za a iya cewa ba za ta zo ba. A waje kuwa, mataimakin shugaban hukumar kare farar hula, Bernardo De Bernardinis, ya riga ya shaida wa 'yan jarida cewa babu haɗari, wai ƙananan girgizar suna rage ƙarfin da ya taru ne. Wannan magana ba ta da tushe a kimiyya, amma ita ce ta shiga gidaje.

Mutanen garin suna da wata al'ada da suka gada: in ƙasa ta motsa da dare, a fita a kwana a fili. A daren 5 ga Afrilu ƙasa ta motsa, wasu suka fita, wasu suka tuna an ce babu komai suka koma gado. Da ƙarfe 3:32 na asubahin 6 ga Afrilu girgiza mai maki 6.3 ta zo, mutum 309 suka rasu. A watan Oktoba na 2012 kotu ta yanke wa mutum bakwai da suka halarci taron, masana shida da jami'in nan, ɗaurin shekara shida-shida. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan shida, ta rage hukuncin jami'in zuwa shekara biyu, a 2015 kuma kotun ƙoli ta tabbatar da haka.

A ganinmu kotun ɗaukaka ƙara ta yi daidai, domin da an bar masana a kurkuku, da abu biyu ɗaya zai faru: ko dai su kulle bakinsu gaba ɗaya, ko kuma su riƙa kururuwa duk sanda ƙasa ta yi atishawa har jama'a su daina saurarensu. Amma wankewar kotu ba ta rufe maganar ba. Idan muka duba da kyau, murya uku ce ta tashi a Lakwila. Ta farko ta mai yanka ranar da bai sani ba, wanda aikinsa bai bambanta da na ɗan duba ba. Ta biyu ta mai kwantar da hankali da tabbacin da ba shi da shi. Ta uku ta masu gaskiya, waɗanda suka faɗi abin da suka sani da iyakarsa, amma suka faɗe shi a ɗaki. Biyun farko duk ƙarya ce, ko da ɗaya ta tsoratarwa ce ɗaya ta lallashi. Ta ukun ce kaɗai take da amfani, ita ce kuma ba ta kai kunnen masu buƙatarta ba.

A nan muke ganin amsar rabin tambayarmu. Tsakanin "ban san ranar ba" da "babu komai" akwai tazara mai nisan gaske, amma a bakin mai son kwantar da tarzoma, taku ɗaya ce. Haƙƙin mai ilimi shi ne ya tsare wannan tazara. Ya faɗi abin da ya sani, ya faɗi abin da bai sani ba, duka biyun da murya ɗaya, a gaban waɗanda rufin zai faɗo wa. In kuma ya ji an juya maganarsa a kasuwa, to ya bi ta kasuwar ya gyara. "Ban sani ba" daga bakin wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bincike wani yanki ne na iliminsa, kuma ɓoye shi tauye amana ne kamar yadda ɓoye sauran yake.

Nauyin Wanda Ya Ji

Saura rabi na biyu, wanda ya fi shafar yawancinmu, tun da ba dukanmu ne masana ba amma dukanmu masu ji ne. Ɗan'adam yana girmama abin da aka sa wa rana. Da zarar an yanka ranar biki za ka ga gida ya kacame da shiri. Mu da muke aji mun san ɗalibi ba ya buɗe littafi da gaske sai an liƙa jadawalin jarrabawa a allo. Abin da ba shi da rana kuwa, zuciya takan ajiye shi a layin abubuwan da ba su wanzu ba.

Amma kakanninmu ba su yarda da wannan lissafi ba. Manomin da ya gina rumbu ya ajiye hatsin shekara biyu, babu wanda ya gaya masa shekarar da fari zai zo. Ya dai san yana zuwa. Dattijon da ya rubuta wasiyya ya sauke bashin da ke kansa, ba a aiko masa da takardar ranar tafiya ba. Ba mu taɓa kiran waɗannan mutane matsorata ba, masu hangen nesa muke ce musu. Shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rashin sanin ranar shi ne ma babban dalilin shiri, domin wanda ya san rana yana iya jinkirtawa zuwa jajibiri, wanda bai sani ba kuwa ba shi da jajibiri.

A fagen girgizar ƙasa, shirin nan yana da suna guda: gini. Alal misali, mu dubi ƙasashe biyu a shekara ɗaya. A 2008 wasu masana, cikinsu har da Paul Mann da Eric Calais, suka yi gargaɗi cewa tsagar da ke kusa da babban birnin Haiti ta tara ƙarfin da zai iya haifar da girgiza mai maki 7.2. Ranar 12 ga Janairu 2010 girgiza mai maki 7.0 ta zo, gwamnatin ƙasar ta ce waɗanda suka rasu sun haura 200,000. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ranar 27 ga Fabrairu, wata mai maki 8.8 ta afka wa ƙasar Chile. Ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Akwai dalilai da dama, amma babba daga cikinsu shi ne Chile ta sha wuya a 1960, lokacin da girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, mai maki 9.5, ta same ta, sai ta kafa dokokin gini ta kuma tsaya a kansu. A Turkiyya ma an tsaurara dokokin gini bayan girgizar 1999 da ta kashe fiye da mutum 17,000. Sai dai a 2018 aka yi afuwa ga miliyoyin gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida, mai gini ya biya kuɗi a ba shi takarda. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 ƙasa ta motsa a kudancin ƙasar, fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da dubbai a Siriya. Takardar afuwa ta gamsar da ofis, amma ba ta ƙara wa ginshiƙi ko rodi ɗaya ba.

Wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne wannan. Saboda tsaga tana iya yin shiru shekara hamsin ko ɗari, ɗan kwangilar da ya rage siminti, da injiniyan da ya kau da kai, da jami'in da ya sa hannu, duk suna iya cin ribarsu su tsufa cikin mutunci, a yi musu jana'iza ta girma, ba wanda ya san abin da suka binne a cikin bango. Waɗanda ginin zai danne wataƙila ba a ma haife su ba. Babu mai kama shi, babu mai ƙararsa, bai ma san fuskar wanda ya cuta ba. To, a irin wannan wuri ne ake gane amana ta gaskiya, domin gaskiyar da ake yi don tsoron kamu ciniki ce kawai. Tun ran gini, tun ran zane: ranar da ake kwaɓa siminti ake yanke wa mutanen wata shekara mai zuwa hukuncin rayuwa ko mutuwa, su kuwa ba su da wakili a wurin sai imanin magini.

Hanzari Biyu

Mun san mai karatu yana iya kawo hanzari, ba gudu ba. Na farko, wani zai ce ai girgizar ƙasa ƙaddara ce, wa ya isa ya tare ta? Gaskiya ne, babu mai tare ta, kuma babu masanin da ya taɓa da'awar haka. Motsin faifan ƙasa da ranar fizgewarsa ba sa hannun kowa. Amma yawan rodin da ke cikin ginshiƙi yana hannun wani, sa hannu a takardar izini yana hannun wani. Ba daidai ba ne mutum ya ɗauki abin da aka damƙa masa ya tura shi cikin abin da ba a damƙa masa ba, sannan ya kira hakan tawakkali. Wannan muhawara tsohuwa ce. Bayan girgizar da ta rusa Lisbon a 1755, marubucin Faransa Voltaire ya yi kukan rashin tausayin duniya, sai Rousseau ya mayar masa da martani a 1756 cewa ai mutane ne suka cunkusa dogayen benaye a wuri ɗaya.

Hanzari na biyu ya fi ƙarfi, shi ne talauci. Yaya za a ce wa wanda bai ci na yau ba ya yi tanadin bala'in da wataƙila sai bayan ransa? Dubi birnin Goma na ƙasar Kwango, wanda yake cikin reshen yamma na wannan kwari na Gabashin Afirka, a gindin dutsen Nyiragongo. A watan Janairu na 2002 narkakken dutse ya ratsa tsakiyar birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka gudu, amma cikin 'yan kwanaki suka dawo, daga baya suka sake gini a kan dutsen da ya sandare. A watan Mayu na 2021 dutsen ya sake amai. Ba wauta ce ta dawo da su ba. Can ne gonarsu take, can ne kasuwarsu, ba su da wani wurin. Wanda ya zarge su bai san zafin rashi ba.

Amsarmu ita ce nauyin gargaɗi ba a raba shi daidai wa daida. Yana bin gwargwadon iko. Talakan da ya kafa rumfar kwano ba shi ne abin tuhuma ba. Abin tuhuma shi ne mai kuɗin da ya tayar da bene hawa bakwai ya zuba 'yan haya, da hukumar da ta gina makaranta da asibiti, da wadda ta bar na'urorin sa ido suka lalace don rashin kuɗin gyara. Kuma a nan ne amfanin bincike irin na Ebinger da Ayele yake fitowa: shi ne yake nuna inda haɗari ya fi yawa da inda yake da sauƙi, don kada a kashe ɗan abin da ake da shi a inda ba a buƙata. A ƙarshen 2024 da farkon 2025, da narkakken dutse ya sake motsawa tsakanin duwatsun Fantale da Dofan a Habasha, ƙasa ta yi ta girgiza makonni, hukumomi sun kwashe dubban mutane daga yankin. Ba wanda ya ba su rana. Abin da aka koya a Afar da wurare irinsa ne ya sa aka fahimci abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Mu Fa?

Wataƙila a ce duk wannan labarin nesa ne. To, ba nesa can ba. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Amurka ta Kudu take ɓallewa daga Afirka, tsaga uku ce ta haɗu a wajen da bakin tekun Nijeriya yake a yau, kamar yadda ta haɗu a Afar. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atalantika. Ta ukun ta nausa arewa maso gabas ta fara buɗewa, sai ta tsaya. Ita ce kwarin Binuwai, wanda rassansa suka kai Yola da Gongola. Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda suka yi wannan bayani a 1971. Ruwan teku ya taɓa shiga wannan kwari, kuma farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti da ita, a ƙarƙashin wannan teku ta kwanta, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinta.

Gaskiyar da ta wajaba mu faɗa, don kada mu zama irin mai yanka ranar ƙarya, ita ce ƙasarmu tana nesa da bakin faifai, haɗarin babbar girgiza a wajenmu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da Turkiyya ko Habasha. Amma kaɗan ba babu ba ne. Birnin Akkara na Gana ya sha girgiza mai kisa a 1939. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne namu gine-ginen ba sa ma jiran ƙasa ta motsa. A watan Nuwamba na 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, ya kashe fiye da mutum 40. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ginin da ya kasa ɗaukar nauyin kansa a rana tsaka, ina ga an girgiza shi? Tsagar da ke jikin bangon aji ita ma gargaɗi ce da ba ta da rana, kuma ba a buƙatar tauraron ɗan'adam kafin a gan ta.

Kammalawa

A taƙaice, abin da muka fahimta shi ne rashin sanin rana ba ya sauke nauyi daga kan kowa. Mai ilimi ya faɗi abin da ya sani da abin da bai sani ba, a fili, ba ƙari ba ragi, ko da za a yi masa dariya shekara ashirin saboda abin bai zo ba. Mai iko ya yi aiki da abin da ya ji gwargwadon ikonsa, ko da ba zai ga ranar da aikin zai yi amfani ba. Mu kuma marubuta da malamai, namu shi ne mu ɗauko maganar daga ɗakin taro mu kai ta zaure da aji cikin harshen da jama'a suke ji, ba tare da mun zaƙe mun tsorata su ko mun lallashe su da ƙarya ba. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Allah Ya sa in ta zo ta same mu da shiri.